Tarkace Ko Tarihi: Labarin Masu Tara Kayan Yau Da Kullum



Sa'ad da aka nemi in ba da sunan laccar da zan gabatar, na aika da shi a rubuce, sai wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, duk abubuwan da ke damun ƙasa, ba ka ga na magana a kai ba sai tarkace?" Na yi dariya, amma tambayar tasa tana bisa hanya. A Hausa muna da kalmomi da dama na kayan da mutum ya jibge waɗanda ba su da daraja a idon jama'a, kamar tarkace da komatsai da shirgi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da yabo. Wanda ya tara shanu ko littattafai, girmama shi ake yi. Wanda ya tara tsofaffin makullai ko kwalayen ashana kuwa, sai a fara tambaya a ɓoye ko lafiyarsa ƙalau. Duk da haka akwai ƙasashen da wannan ɗabi'a ta zama sha'awa sananniya, har waɗansu manyan gidajen kayan tarihi daga gare ta suka tsiro. Maƙasudina a yau shi ne in bi tarihin waɗansu daga cikin irin waɗannan mutane, mu ga abin da suka samu da abin da suka rasa, da kuma abin da ya sami kayan bayan ransu. Sa'an nan in dawo gida, domin maganar ta shafe mu ta wata fuska da ba mu cika lura da ita ba.

Lokacin da nake karatu a Ingila na taɓa shiga wani gidan kayan tarihi a Oxford wanda ake kira da sunan Pitt Rivers. Na shiga da zaton zan ga kambin sarakuna da takubban zinariya. Abin da na tarar shi ne akwatunan gilashi cunkus, wannan na fitilu, wancan na makullai da kwaɗuna, wani na kayan ƙyasta wuta, wani na kwanduna, wani na layu. Ba a raba kayan bisa ƙasashe ba, an raba su bisa aikin da suke yi, ta yadda fitilar Rumawan da take kusa da ta mutanen Asiya da ta mutanen Afirka. Na daɗe a tsaye gaban akwatin fitilun nan, domin na tuna da aci-balbal ɗin kakata, wadda ban san inda ta shiga ba.

Mutumin da ya kafa tushen wannan gida soja ne. An haife shi a shekarar 1827 a lardin Yorkshire, sunansa na yanka Augustus Henry Lane Fox. Ya shiga soja a 1845, kuma a farkon shekarun 1850 aka sa shi cikin masu gwada sabuwar bindiga mai murɗaɗɗen tsagi a cikin bututu, wadda za ta maye gurbin tsohuwar da sojan Ingila suka daɗe suna riƙe da ita. Ya halarci yaƙin Kirimiya a 1854. A wajen aikin gwajin nan ne ya lura da wani abu: bindiga ba ta taɓa canjawa a dare ɗaya ba. Wani maƙeri ya ɗan gyara kunama, wani ya ɗan sake fasalin harsashi, yawancin gyare-gyaren su mutu, kaɗan su rayu, a gina a kansu. Don ya ga wannan tafiya da idonsa sai ya fara sayen tsofaffin bindigogi yana jerawa. Daga bindiga ya koma kan baka da kibiya, da mashi da garkuwa da kulki, daga nan sai makullai da kayan kiɗa da sauran kayan aikin hannu, har gidansa na Landan ya cika.

Ya kamata mu lura da abin da ya bambanta shi da attajiran da suka riga shi. Tun ƙarni na 16 da na 17 manyan Turai suna da ɗakunan ajiye abubuwan al'ajabi, amma abin da suke nema shi ne wanda ba a saba gani ba. Lane Fox ya juya al'amarin. Ra'ayinsa shi ne, abin da kowa ke amfani da shi kullum ya fi abin da ba kasafai ake samu ba faɗin gaskiya game da jama'a, domin tukunyar talaka dubu ce, kofin sarki ɗaya ne. A ganina wannan ita ce babbar gudummawarsa, kuma ta fi duk sauran ra'ayoyinsa tsawon rai. Da ya gaji wata ƙatuwar ƙasa a kudancin Ingila a 1880, wadda ta kai eka 27,000, tare da sharaɗin ya ɗauki sunan Pitt Rivers, sai ya sa ma'aikata suka shiga tonon tsofaffin kufai a cikinta. A can ma bai yarda a zubar da ko ɓallin tukunya ba. Kowane guntu sai an auna inda aka same shi, an zana, an rubuta. Ya buga sakamakon a manyan littattafai huɗu tsakanin 1887 da 1898, kuma masu ilmin tonon kufai na Ingila har yau suna lissafa shi cikin iyayen fanninsu.

Mene ne daɗin da irin wannan mutum yake ji? Duk wanda ya taɓa tara wani abu, ko da kan sarki ne na wasiƙa a lokacin ƙuruciya, ya san amsar. Akwai daɗin farauta, watau ka san akwai wani iri da ba ka da shi, ka yi ta cigiya wata da watanni, ran nan ka ci karo da shi a shagon gwanjo, mai shi bai ma san darajarsa ba. Amma wanda ya fi wannan zurfi shi ne daɗin jerawa. Makulli ɗaya makulli ne kawai. In ka ajiye hamsin a jere, sai ido ya fara ganin abin da ba ya gani a da: wannan ya ari haƙoransa daga wancan, wancan kuma an yi masa ado a wurin da a da ake ɗaura igiya. Kaya marasa baki sai su fara ba da labari. Mai tarawa yakan wayi gari ya san abin da babu wani littafi da ya faɗa, kuma wannan ilmi ne na gaske, ko da kuwa a kan kwalayen ashana ne.

To, amma a cikin jerawar nan ne kuma cutar take. Littafin Darwin a kan asalin halittu ya fito a 1859, kuma Lane Fox ya ɗauki wannan tunani ya ɗora a kan kayan hannu. Ya jera makamai daga sanda zuwa bindiga kamar matakalar tsani, sa'an nan ya ɗauka cewa su ma al'ummun da suka yi kayan haka suke a jere: mutanen asali na Ostareliya a ƙasa, waɗansu a tsakiya, Baturen Ingila a can ƙoli. Kayan da wani maƙeri mai rai ya ƙera jiya a Afirka sai aka mai da shi shaidar yadda kakannin Turawa suka rayu shekaru dubbai da suka wuce. Kuskuren a fili yake. Mai tarawa shi ya zaɓi kayan, shi ya jera su da hannunsa, sa'an nan ya ja da baya ya ce ga abin da kayan suka tabbatar. Bugu da ƙari, yana da wata manufa ta siyasa wadda bai ɓoye ba. Sa'ad da aka baje kayansa ga jama'a a 1874, a Bethnal Green aka yi, unguwar talakawan Landan, kuma yana fatan leburori su gani su koyi cewa ci gaba sannu a hankali yake zuwa, don kada su saurari masu kiran juyin juya hali.

Akwai aibi na biyu. Yawancin kayan ba shi ya je ƙasashensu ya samo ba. A wurin dillalai da gidajen gwanjo na Landan ya saya, daga hannun matafiya da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa. Kafin abu ya iso gare shi sau da yawa an manta da garin da aka yi shi, balle sunan wanda ya yi shi, balle sunan da masu shi suke kiransa da shi. Wani lokaci kuma hanyar da kayan suka biyo ba ta da tsabta ko kaɗan. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Bini da yaƙi, suka kwashe kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba, aka kai su kasuwannin Turai. Janar Pitt Rivers yana cikin manyan masu saye. Ya mallaki sama da guda 200, har ya buga littafin hotunansu a 1900, shekarar da ya rasu. Sha'awar mai tarawa ita ke sa wa ganima farashi, kuma wanda idonsa ya rufe da son cika jeri ba ya cika tambayar ta yaya aka samo.

Ƙarshen kayansa kashi biyu ne, kuma akwai abin lura a ciki. Kashi na farko, sama da guda 20,000, ya ba Jami'ar Oxford kyauta a 1884, bisa sharaɗin a gina musu ɗaki kuma a naɗa malamin da zai riƙa koyarwa a fannin. Wannan kashi ya rayu, ya hayayyafa, har kayan gidan suka haura 500,000. Gidan ma ya yi ta sake duban kansa: a 2020 ya kawar da gawarwaki da sassan jikin mutane daga inda baƙi ke kallo. Kashi na biyu kuwa, wanda ya tara bayan 1880 ya ajiye a wani ƙaramin gidan kallo a ƙauyen Farnham, ya bar wa iyali. Aka rufe gidan a shekarun 1960, aka riƙa sayar da kayan sannu-sannu, suka watsu a duniya, har da na Bini. Abin da ya saura na tonon kufai shi aka miƙa wa gidan tarihi na Salisbury a 1975. Mutum ɗaya ne, sha'awa ɗaya, amma wanda ya ɗaure da yarjejeniya ya tsira, wanda ya bar wa magada ya bi iska.

In Pitt Rivers ya nuna mana mai tarawa wanda ya fi ƙarfin kayansa, Henry Wellcome zai nuna mana wanda kayansa suka fi ƙarfinsa. Ba'amurke ne, an haife shi a 1853, ya zo Landan a 1880 ya kafa kamfanin magunguna tare da abokinsa Silas Burroughs, suka yi arziki da sayar da magani a ƙwayoyi. Burinsa shi ne ya tara duk abin da ɗan Adam ya taɓa amfani da shi wajen neman lafiya, daga ƙahon wanzami zuwa wuƙar likita. Buri ne mai kyau, sai dai ba shi da iyaka, domin in ka duba da kyau babu abin da bai shafi lafiya ba: abinci ya shafa, tufafi sun shafa, makami ma ya shafa tunda shi ke yin rauni. Ya ɗauki wakilai suna yawo ƙasa-ƙasa suna saye, waɗansu suna ɓoye sunansa a wurin gwanjo don kada a tsawwala. Ya sayi buroshin haƙoran Napoleon, ya sayi sandar Darwin, ya sayi dubban turame da kwalabe da layu. Tsakanin 1910 da 1914 ya sa dubban leburori tono a Jebel Moya a ƙasar Sudan, kuma rahoton wannan aiki bai fito ba sai 1949, shekara 13 bayan mutuwarsa.

Ya buɗe gidan kallo a Landan a 1913, amma abin da ke ciki ɗan tsakure ne. Sauran suna cikin rumbunan ajiya, akwati kan akwati, da yawa ba a ko buɗe su ba. Aurensa da ya ɗaura a 1901 bai kai shekara goma ba suka rabu, kuma yawon neman kaya yana cikin abubuwan da matar ta koka da su. Da ya rasu a 1936 ya bar kaya wajen miliyan ɗaya. Amintattun da ya bar wa wasiyya suka shafe shekaru kusan hamsin suna rarrabawa, waɗansu a gwanjo, waɗansu kyauta ga gidajen tarihi. Babban littafin tarihin magani da ya yi niyyar kayan su haifar bai taɓa rubutuwa ba. Ni dai ban ga laifin yawan kuɗinsa ba. Abin da ya rasa shi ne tambaya ƙwaya ɗaya tsayayya wadda za ta gaya masa abin da zai bari.

Daga nan taki ɗaya ne zuwa ciwo. A watan Maris na 1947 'yan sandan New York suka fasa wani gida a unguwar Harlem, inda waɗansu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, suka daɗe a kulle. Suka sami Homer, wanda makaho ne, ya mutu. Sai bayan fiye da mako biyu ana kwasar shirgi aka gano gawar Langley, 'yan taku kaɗan daga inda ɗan'uwansa yake: tarkon da ya ɗana wa ɓarayi ne ya rufto masa da tarin kaya yana kan hanyar kai wa makahon abinci. An fitar da fiye da tan 100 na tarkace, har da fiyano 14 da tulin jaridun da Langley yake ajiyewa don ɗan'uwansa ya karanta ranar da idonsa ya buɗe. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa kasa rabuwa da tarkace cikin jerin cututtuka masu zaman kansu. Mai sha'awa yana zaɓe, yana jerawa, yana murnar nuna wa baƙo. Mai ciwo ba ya zaɓe, kuma ƙofarsa a rufe take.

Yanzu bari in dawo gida. In wani ya ce Bahaushe bai san tara kayan yau da kullum don sha'awa ba, sai in ce masa ya leƙa ɗakin amarya. Jere mene ne in ba wannan ba? Uwa takan fara sayen kwanuka tun 'yarta tana talla, ɗaya bayan ɗaya, tana neman masu zane iri ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, kuma yawancinsu ba za a taɓa zuba musu tuwo ba. Ado ne, shaidar gata ce, kuma ajiya ce maganin wata rana, domin in ta ɓaci ana iya ɗaukar ɗaya a kai kasuwa. Ta wannan fuska ta ƙarshe matanmu sun fi Wellcome dabara. Jere kuwa yana da tarihinsa: zamanin ƙorai sassaƙaƙƙu da faya-fayai, zamanin tasoshi, zamanin fanteka da samira da kumbo da langa masu fenti, sa'an nan tangaran a cikin kabad mai gilashi. Wanda zai jera waɗannan ɗakuna huɗu kusa da juna zai karanta tarihin cinikin ƙasar Hausa da waje ba tare da ya buɗe littafi ba. Amma jere na yayi ne. In yayi ya wuce sai a kira dillaliya ko ɗan gwangwan, kuma ba wanda ya ga dalilin ajiye na jiya.

Shi ya sa yawancin abin da aka adana na kayanmu na yau da kullum, baƙi ne suka fara tsince shi. Kan mutum-mutumin nan na yumɓu da aka kai wa Bernard Fagg a 1943, wanda ya buɗe ƙofar binciken al'adar Nok, a gonar doya yake ana korar tsuntsaye da shi. Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Sylvia Leith-Ross, wadda ta fara zuwa ƙasar nan a 1907, ita ce da tsufanta ta bi kasuwanni tana sayen tukwane da tuluna na talakawa don gidan na Jos, ta buga littafi a kansu a 1970. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya tara kayan ɗinki da sauran aikin hannun Hausawa ya baje su a Landan a 1976. Ba na faɗin haka don in yi mana gori. Abin da mutum ya tashi a cikinsa ba ya ganinsa, sai ranar da ya ɓace.

Ni malamin harshe ne, don haka asarar da ta fi damuna ta kalmomi ce. Kalma takan rayu bayan abinta ya mutu, amma rayuwar maraici take yi. Kuɗi jam'in wuri ne, ko da yake yau ba mai sayen ko gishiri da wuri. Muna cewa ba ni da ko anini, alhali anini ya daɗe da barin hannun mutane, sisi da taro ma suka bi bayansa da aka shigo da naira da kwabo a 1973. Lefe asalinsa kwando ne na kaba, yanzu akwatuna ne masu taya. Na taɓa tambayar ɗaliban aji ɗaya bambancin tandu da batta, da na adudu da lefe, da abin da ake yi da mazari. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da waɗannan kalmomi, kuma ɗaliban sun iya haddace bayaninsa, amma da na ce wani ya zana mini mazari a allo sai aji ya yi tsit. Karin magana da tatsuniya da waƙar baka cike suke da irin waɗannan kaya, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe ƙyastu ba, fassarar maganar kawai zai sani.

Wannan ne ya sa ni ma na faɗa cikin sha'awar, ko da yake a ɗan ƙaramin mataki, kuma maiɗakina tana da nata ra'ayin game da kusurwar da na cinye mata. Na riga na ɗanɗana aibin da na zargi waɗansu da shi. Abin da na fara ajiyewa akushin kakata ne, na baƙin itace, mai ɗinki a gefe inda ya taɓa tsagewa. Wata gwaggona ta gaya mini garin da aka sassaƙa shi da sunan itacen da kuma bikin da aka kawo shi, na ce zan rubuta in na sami sarari. Ban rubuta ba har Allah ya yi mata rasuwa, kuma yau babu mai rai da zan tambaya. Tun daga ranar, duk abin da ya shigo hannuna sai na ɗaura masa 'yar takarda: sunansa a bakin mai shi, garin da aka yi shi, aikinsa, wanda ya ba ni, da shekarar. Wanda ba shi da mai ba da labarinsa kuwa ba na saye, kome kyansa.

Na zo da akushin, da mazari biyu, da tandu, da ƙyastu da dutsensa. Suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Duk mai so ya tsaya ya duba bayan an tashi, a taɓa a hankali. In kuma akwai wanda ya gane irin sassaƙar akushin, ko ya san yankin da ake yi wa akushi irin wannan ɗinki, ina roƙonsa ya neme ni kafin ya fita.